Takardar da Na Tsinta Ƙarƙashin Dutsen Iyaka

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, gonar hanyar Gude ce ta faɗo a rabona da na yayana. Dattawa suka kafa dutse a bakin hanya, suka ce iyaka ta tashi daga dutsen nan ta miƙe har gindin ɗorawar da ke ƙarshen gona. Faɗar hakan ba wuya. Amma kowace damina sai in ga kunyar tsakiya ta ɗan karkato wajena, shi kuma ya ce wajensa ta karkata. Ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba, sai dai gaisuwarmu ta gajarce, ta koma ina kwana da lafiya lau, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a Kabo.

A shekarun nan ne aka ƙaddamar da Shari'a. Ko'ina wa'azi ake yi a kan sihiri da bokanci, kuma duk wanda aka samu da binne-binne sai ya yi bayani a gaban hukuma. Ga kuma tsadar rayuwa, taki ya gagari talaka, don haka kunya ɗaya ta gona ba abin wasa ba ce a idon kowa.

Wata safiya da bazara na je sharar gona. Na zo gyara zaman dutsen iyaka, sai na ga bakin takarda ya leƙo daga ƙarƙashinsa. Takardar buhun siminti ce, an yanke ta da kyau an ninke huɗu. Na yi a'uziyya na ɗauke ta da hannun hagu.

Ni almajirancin allo na yi, da ajami nake rubutu, kuma na zauna gaban malamai har na san yadda ake zana hatimi, ko da yake ban mai da shi sana'a ba. Abin da na gani a takardar gidaje ne ƙanana, an ja su da hannu, layi bisa layi, kamar na hatimi. An jera lambobin boko a gefe da ƙasa. Sannan wani jan layi ya taso daga kusurwa ya ratsa gidajen a karkace. Na dubi layin, na ɗaga kai na dubi kunyar da muke jayayya a kanta, sai na ga kamar karkatarsu ɗaya.

Bayan takardar ya fi tayar mini da hankali. Da'ira biyu ne, kowace da alamar gicciye a cikinta, kibiya ta fita daga wannan ta yi gabas, ta fita daga waccan ta yi yamma. Duk wanda ya san aikin farraƙu, wato asirin raba mutum biyu, ya san abin da zuciyata ta raya mini. Mu biyu ne 'ya'ya maza a gidanmu.

Na kai ta gida na ɓoye cikin gafaka. Bayan azahar na fito da ita na auna ta da abin da na sani. Hatimi na gaskiya, in ka tara lambobin kowane jeri, jimillarsu ɗaya take fitowa. Wannan kuwa ɗaya ce da uku, biyu da biyar, uku da bakwai, ba su haɗu ko'ina ba. Babu bisimilla, babu sunan wanda aka yi wa, babu sunan uwarsa. Hankalina bai kwanta ba, sai ma na ce to wannan aikin ƙwararre ne, wanda ya san yadda zai ɓatar da sawu.

Akwai malaman boko a garinmu, amma ban nuna wa ko ɗaya ba, don kada asirin gida ya fita. Ranar kasuwa na hau mota zuwa Gwarzo wajen tsohon malamina. Ya kusantar da takardar ga idonsa ya daɗe yana juya ta.

Ya ce, "Wannan ba alƙalamin malamai ba ne. Ko sabon salo ne ya fito, ban sani ba. Wa kake zargi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a iyakata da Yaya na same ta."

"Ka ga hannun da ya ajiye?"

"Ban gani ba."

"To ka riƙe bakinka sai ka gani. Nono ɗaya kuka sha."

Na ji maganarsa da kunne, amma a kan hanyar dawowa na riga na yanke shawara. Na rubuta ƙara da ajami, na ce ranar Litinin zan kai ta wajen 'yan Hisba tare da takardar. Na san abin da hakan zai jawo. In aka kira yayana a kan zargin sihiri, ko an wanke shi ko ba a wanke shi ba, ni da shi mun rabu ke nan, 'ya'yanmu ma su gada.

Kwana uku suka rage. Kowace rana sai in tafi gona in zauna bayan wata sabara inda nake hango dutsen, da fartanya a hannu kamar mai aiki. Yayana yana can ɓangarensa yana tara kara. In na ɗago sai in ga yana kallona, in muka haɗa ido ya sunkuya. Na ce a raina, mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Ranar Lahadi da hantsi 'yarsa ta fari ta kawo masa fura. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Inna. A lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare. Ta ajiye masa kwano, ta dawo bakin hanya, ta waiga, ta durƙusa ta ɗaga dutsen. Na ce a raina, ashe abin ya kai haka. Har yarinya suka sa a ciki.

Na fito na tsaya a kanta. Ta gaishe ni ba tare da ta razana ba.

"Baffa, don Allah ba ka ga wata takarda a nan ba? Kwana biyar ke nan da na ajiye ta."

"Wa ya aiko ki ki binne ta?"

"Binnewa kuma? Ɓoyewa na yi. Duk takardar da na bari a gida sai Umma ta ƙunsa ƙuli-ƙuli da ita."

Na zaro ta daga aljihu, ban miƙa mata ba. Na ce ta zauna ta gaya mini abin da ke ciki, gida-gida.

Ta ce lissafi ne. Jarrabawa ta matso, littafin da ake sayarwa mai gidaje a buge ya yi tsada, shi ne take jan nata a takardar siminti, tana gwaji a inuwar ɗorawa kafin babanta ya gama shan fura. Kowace lamba ta ƙasa tana da abokiyarta a gefe, inda suka haɗu sai a ɗiga ɗigo, in an haɗa ɗigogin sai layi ya miƙe.

Ban yarda ba. Na ce, "In lissafi ne, ba sai da takarda ba. Wace ce abokiyar bakwai?"

"Sha biyar."

"Ta goma fa?"

"Ashirin da ɗaya. Ninkawa ake yi a ƙara ɗaya, Baffa. Gwada da na jikin takardar."

Na gwada a zuci. Ɗaya ta ba da uku, biyu ta ba da biyar, uku ta ba da bakwai. Lambobin da suka hana ni sukuni sun bi ƙa'ida sarai, ƙa'idar ce ba tawa ba. Duk da haka na juya bayan takardar na ɗora yatsa a kan da'irorin.

"Waɗannan biyun da aka raba, su wane ne?"

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ba mutane ba ne, cajin lantarki ne. In iri ɗaya ne sai su ture juna, in sun bambanta sai su jawo juna. Tsaya ka gani."

Ta yagi gefen takardar ta marmasa ƙanana a kan dutsen. Ta goga bironta a mayafi da sauri, ta kusantar da shi. Guntayen suka yi tsalle suka manne a jikinsa. Na ja da baya.

"Me kika karanta a kai?"

"Ban karanta komai ba."

"Na ga bakinki yana motsi."

"Dariya nake dannewa, Baffa."

Na karɓi biron na duba shi ciki da waje. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa masa, don in akwai wani abu ya karye. Sannan na goga shi a hulata da hannuna. Guntayen suka taso suka manne kamar ɗazu. Na sake, suka sake. Sai na zauna a kan dutsen, na yi istigfari a ɓoye, ƙarar da na rubuta tana cikin aljihuna.

Muna haka yayana ya iso da kwanon fura a hannu. Ya dube ni, ya dubi takardar.

Ya ce, "Malam, kwana uku ke nan ina ganinka kana zagaya dutsen nan kana laɓewa a sabara. Me kake binne mini?"

Na ce, "Ni ma abin da na zo in kama ka da shi ke nan, Yaya."

Na zaro ƙarar na ba shi, don yana karanta ajami. Ya karanta a tsaye har ƙarshe. Bai yi dariya ba. Ya ninke ta ya mayar mini.

"Gobe za ka kai?"

"Da gobe ne."

"Ni jibi na shirya zuwa wajen mai unguwa a kanka." Sai ya miƙo mini kwanon. "Sha, ta yi saura."

Na yayyaga ƙarar a gabansa, na sha furar. Inna ta tattara takardarta tana gunagunin mun ɓata mata gefe. Da za ta tafi ta ce ita dai a makaranta an koya musu ɗigo biyu sun isa a ja miƙaƙƙen layi, ga dutse ga ɗorawa, ba ta san abin da ya hana mu ɗaura igiya ba.

Washegari muka haɗa igiyoyin guga huɗu muka ja. Igiya ta nuna kunyar ta shiga wajensa a bakin hanya, ta shigo wajena a can ƙasa, kuma nawa cin ya fi yawa. Na mayar masa da kunya biyu, raina bai so ba, amma na mayar.

Daga ranar har ta gama jarrabawa, ni nake ja mata gidajen. Hannuna ya saba da wannan aiki tun ina gaban malamai, kuma layina ya fi nata miƙewa. Takan aiko da takardar siminti da safe, in ja da tawada, ta karɓa bayan la'asar ta ƙofar da muka huda a katanga.