Hawan da Ya Cinye Gwiwar Kaka

Duk lokacin da maƙwabcina ya tayar da ƙaramin janaretansa, warin fetur haɗe da baƙin mai ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Warin babur ɗin Kaka ke nan.

Babur ne ko keke, har yau ban yanke hukunci ba, don yana da inji, yana kuma da feda. Kaka, mahaifin babana, ya saye shi a hannun wani Bature ɗan Hangari lokacin yana aikin jirgin ƙasa a Kafanchan. Kaka ya ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen can ba su da halin mota, sai suka ɗora wa keke inji, kowa ya yi ta rububin saye. Daga baya aka daina ƙera shi, ko ƙusarsa ba ka samu a kasuwa. Wa ya isa ya taɓa? Fasto ma sai dai kallo.

Wata damina muna ciran ciyawa a gonar citta, maciji ya sare ni a idon sawu. Mama ta ƙwalla ihu, "Ya Yesu, ɗiyata!" Ta cire mayafinta ta ɗaure ni a bayan Kaka kamar jaririya, ya tayar da babur muka nufi asibiti.

Ka san irin wannan babur, ba ya hawa tudu da mutum biyu sai an taimaka masa da feda. Ga tudu a hanyar asibitin, ga taɓo, ga Kaka da ciwon gwiwa. A tsakiyar hawan injin ya yi tari, ya yi shiru. Na duba ƙafata, ta kumbura ta yi baƙi, bakina cike da ɗaci. Wallahi na sadaƙar mutuwa zan yi a wurin, tsoro ya hana ni ko kuka.

"Kada ki rufe ido," in ji Kaka. "Yi mini waƙar Lahadi."

Ina rera waƙa, yana taka feda yana nishi. Na ji wani abu ya yi ƙas a gwiwarsa. Bai tsaya ba har muka hau.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a tudun, 'yan acaɓa na haurawa da mutum uku suna hira. Ni kuwa in na zo wurin sai in sauka in taka da ƙafa. Tawa ta warke sumul. Kaka da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, bai taɓa ce mini saboda ni ne ba.