Gaida Inna da Ƙafar Roba

Ko rana ba ta leƙo ba muka bar Daura, ni da ƙanena, iskar damina mai sanyi tana kaɗa mini mayafi. Garin Babban Mutum muka nufa, wurin Inna, mahaifiyarmu. Ku da kuke bibiyata, kada ku ɗauka yawon buɗe ido ne. Ƙanen nawa soja ne. Nakiya ta tashi da motarsu a arewa maso gabas, aka yanke masa ƙafar hagu har saman gwiwa. Inna tana da hawan jini, sai dangi suka haɗa baki aka ɓoye mata. A waya yake gaishe ta, kullum wai aiki ya riƙe shi. A tsakar gidana ya koyi tafiya da ƙafar roba, har ta kai in ya sa dogon wando da takalmi sau-ciki, sai wanda ya sani. Burinsa guda ne, ya shiga wurin Inna ya fito ba ta gane ba.

Kuɗin mota kam, ku bar shi kawai. Da direba ya faɗa na ce, "Malam, Makka za ka kai mu?" Ya ce in je in tambayi masu gidan mai. Haka muka cusu kamar buhunan gawayi.

Amma hanyar ta biya ni. Gero ya fid da kai dama da hagu, raɓa tana sheƙi a ganye, gajimare ya sauko ƙasa ƙasa har kana cewa a kan kukoki ya kwana. Na jingina da taga, ban yi barci ba, ban kuma farka sosai ba. Sai na riƙa hango yaron nan yana ƙarami, yana tsallake kunyoyin gonar Baba da gudu, ina bin sa da tsumagiya saboda ya shanye mini fura. Wallahi har ƙurar ƙafafunsa nake gani.

A Zango muka tsaya na sayi ƙosai da dafaffiyar gyaɗa, mai zaƙi ƙwarai. Nan wani dattijo ya shigo da buhun taki, ya dire shi tim a kan ƙafar ƙanena. Ya shiga ba da haƙuri, shi kuwa gogan ɓarar gyaɗarsa kawai yake yi.

"Kai, ɗan nan, ba ka jin zafi ne?"

Ƙanena ya ƙwanƙwasa masa ƙwaurin, ƙwas-ƙwas. Dattijon ya yi salati, sannan ya ce shi ma mahaifinsa ya je yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ƙafar katako da ake ɗaurewa da fata, tun daga zaure ake jin ƙararta. Mahaifin nasa ne ya ba su labarin wata sabuwar allura da aka kawo a wancan yaƙin, wadda ke busar da raunin da a da sai dai ya ruɓe. Ƙanena ya ce ai likitansu ya gaya musu, jinin da ake ajiyewa a ƙara wa mutum, da baƙin maɗaurin da soja ke murɗawa ya tsayar da jini, da wannan ƙafar mai lanƙwasuwa, duk yaƙi ne ya sa aka hanzarta su. Shi ma jirgi marar matuƙi ne ya hango inda suke kwance a daji. Ina jin su sama-sama, ina mamakin ɗan Adam: ya ƙera abin da zai ragargaza ɗan'uwansa, ya koma ya hana idonsa barci yana neman yadda zai ɗinke shi.

Da hantsi muka isa. Ƙanena ya ratsa zaure tsaf, ko ɗingishi babu, har na fara murna. Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Nan ya tsaya cak. Mun yi ta gwajin tafiya, amma ko sau ɗaya ba mu tuna da cire takalmi da tsugunnawa ba.

"Sojan ne ya koya maka gaishe ni a tsaye, da takalmi?" in ji Inna.

Ya yunƙura zai tsugunna. Ƙafar ta ƙi, ya zube zaune, wandon ya ɗage, ƙarfe ya bayyana. Na ruga zan riƙe Inna, ta ture hannuna. Ta daɗe tana kallon ƙafar. Sai ta matso, ta kwance igiyar takalmin da hannunta, ta zare shi, ta ajiye gefe, hawaye na ɗiga mata a zani.

"Wa ya tsayar maka da jinin?"

"Wani abokin aikina ne, Inna, ɗan kudu."

"Allah ya yi masa albarka, shi da uwar da ta haife shi. Miƙe ta ka zauna sosai. Daga yau haka za ka riƙa gaishe ni."

Ni kaɗai na dawo Daura da la'asar, Inna ta ce ba inda za shi sai an yanke gero. Har gida ina kuka ina dariya, fasinjoji suna satar kallona. Ba na yi wa yaƙi godiya, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Amma na gane dabarun da aka koya a cikinsa ne suka dawo mana da yaronmu da rai. Mu kuma da wayonmu muka tsare shi a Daura, muka hana shi wadda ta fi kowa iya karɓarsa.