Wayar da Na Sa wa Kiryar Baba

A gonarmu ta bayan Matankari akwai wata tsohuwar kirya. Da ina yaro suna da yawa a jejin nan, masu sassaƙa turmi da masu gawayin maƙera suka cinye su ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta tsira ne don babu mai gatarin da ya isa ya haɗa ido da Baba. Burinsa guda ne, ya ga 'yarta ta tsiro kafin ɗayansu ya kwanta, ko shi ko ita.

Sai ga ni na gama lakwal, wato makarantar boko, an ba ni aikin koyarwa, kai ya kumbura. Ni na jawo mutanen wani furoje, wato shirin kare itatuwa, masu farar mota da ruwan gora. Ba su iya bambanta kirya da marke ba sai da na nuna musu. Suka ɗau hoto da ita kamar amarya, suka ce irinta na ƙarewa, dole a kare ta. Kariyar kuwa ita ce waya mai ƙaya, da allo da Faransanci, ko don shanu su karanta, oho.

Akwai wani dattijo Bafulatani da ke sauke garkensa a gonarmu duk bayan girbi. Shanu su ci kara da 'ya'yan kirya, su bar mana taki. Ya dubi wayar, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, ƙwayar kirya tauri gare ta. In ba ta bi cikin saniya ba, da wuya ta hito ƙasa."

Na yi masa dariya a gaban baƙi, na ce shanunsa ne ke tattake tsiron. Ya kaɗa garkensa, bai sake sauka gonarmu ba.

Kowane rani 'ya'yan suka yi ta zuba cikin waya, ƙwari na huda su. Ko tsiro ɗaya ban gani ba. Furoje ya ƙare, masu hoto suka yi gaba, allo ya yi tsatsa. Wata damina iska ta kayar da kiryar a kan wayar. Baba bai daɗe ba a bayanta.

Bayan kwana bakwai da rasuwarsa, ƙanwata ta ja ni ƙarshen gona, inda shanu suke kwanciya a da. A tsakiyar tulin ƙayar magarya, ga 'yar kirya ta kai mini ƙugu.

Ta ce, "Cikin tsohon kashin shanu Baba yag gane ta. Da buta yaka ba ta ruwa."

Kunya ta kama ni, da haushi. Na ce, "Don mi ba ku gaya mani ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, shi yah hana. Yac ce kai ilimi gare ka, kana iya kare ta ita ma."