Mita Biyu a Jakata

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safiyar wata Asabar mitar da nake gwada wuta da ita ta faɗo daga saman tsani. Mu uku ne a ɗakin: ni, da mai gidan, da wani kafinta da ke buga silin. Na ɗauke ta, na goge, na mayar jaka. Daga nan lalacewata ta fara, don haka daga nan zan fara.

Kafin wannan rana ni mai gyaran wuta ne da ba a taɓa kuka da shi ba. A unguwar Dutse Uku ta Jos aka haife ni, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Na koyi aiki a hannun Oga Sande, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai shago kusa da kasuwar Katako. Yana da doka guda. Kowace Litinin duk wanda ya koyi aiki a wurinsa zai kawo mitarsa, a jona su ɗaya bayan ɗaya a soket guda, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ana shan shayi, ana tsokanar juna. Wadda ta saɓa da sauran, ta gama aiki ke nan.

Litinin da ta biyo baya, tawa ta saɓa. Wutar da sauran suka nuna cikakkiya, ita ta nuna ta yi ƙasa ƙwarai. Oga ya ce in jefar da ita. Na sayi sabuwa irinta sak, ruwan ɗorawa, amma tsohuwar ban jefar ba.

Ba da daɗewa ba wani direba ya kira ni, fitilar falonsa tana ƙiftawa. Bisa kuskure na zaro tsohuwar, na ɗora ta a kan bireka, wato makunnin nan na cikin akwatin wuta da ke yanke wuta da kansa idan kaya sun yi nauyi. Direban ya leƙo ya ga lamba ta yi ƙasa, ya ce, "Ashe birekan ne ya mutu." Na san lafiyarsa ƙalau, waya ce ta saki a jikin fitilar. Na biye masa. Na cire masa mai kyau na sa a aljihu, na sa masa wani mai arha, na ɗaure wayar, sannan na gwada da sabuwar mita. Lamba ta cika. Har godiya ya yi mini.

Haka aikin ya zama. Da farko tsohuwar mita, in tsorata mai gida. Sai in canza. Sai sabuwar mita, in kwantar masa da hankali. Masu kyaun kuwa in wanke su in sayar wa wasu.

Ga abin da mai gida bai sani ba. Kowane kamfani da yadda yake ƙera akwatinsa, kuma bakin birekansa an yi shi ne daidai haƙorin jan ƙarfen da ke cikin wannan akwati. Na wani kamfani yakan shiga, amma ba ya zama daidai. Sai in lanƙwasa haƙorin da filaya, in ɗaure a kan rabi. Da zafi ba a ganin komai. Idan sanyin Jos ya sauko, kowa ya kunna hitar ruwa da ta ɗaki, wurin da na ɗaure a kan rabi yakan ɗau zafi a hankali, cikin rufaffen akwati.

Na daina zuwa shayin Litinin, don kada a ce in juye jakata. Idan na hango abokan sana'a sai in canza hanya. Aikin da ya kamata mutum biyu su yi, ni kaɗai nake yi. Matata ta tambaye ni me ya sa nake kulle ƙaramin ɗaki, na ce kayan mutane ne. Ban yi ƙarya ba. Na ci nama a lokacin, na ɗinka sutura, amma ba ni da wanda zan zauna da shi in saki jiki.

Malam Habu tela maƙwabcinmu ne, abokin mahaifina. Shagonsa a jikin gidansa yake, kuma akwatin wutar yana bangon ɗakin mahaifiyarsa, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna. Shi ma na yi masa. Ranar har fura Inna ta aiko mini. Da sanyi ya shigo, wata safiya yana guga, hita tana kunne a ciki, akwatin ya kama da wuta. An fitar da Inna da rai, amma hayaƙi ya riga ya shiga ƙirjinta. Ba ta sake yin numfashi mai daɗi ba har ta koma ga Allah.

Oga Sande aka kira ya duba abin da ya ƙone. Ya ga haƙorin da aka lanƙwasa, ya tambayi wanda ya taɓa akwatin. Da yamma ya zo ƙofar gidana, Malam Habu yana bayansa. Oga bai ɗaga murya ba.

"Kawo jaka," ya ce.

Na ce, "Oga, mu shiga ciki mu yi magana."

"A nan. Gaban Malam."

Ya zaro mita biyu iri ɗaya, ya riƙe su, ya daɗe yana kallona. Malam Habu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Da hannuna na ɗinka maka rigar suna." Daga baya 'yan sanda suka zo, suka buɗe ƙaramin ɗaki, suka fito da buhu cike da bireka masu kyau da na cire wa mutane.

A kotu aka kawo rahoton gwajin mitocin. Tsohuwar dai na san halinta. Abin da ya karya ni shi ne sabuwar ma ta saɓa, kuma babu mai iya cewa tun yaushe, domin ban sake haɗa ta da ta kowa ba. Wato har gidajen da na yi wa aikin gaskiya, ban san abin da na bari a cikinsu ba.

Aka ɗaure ni. A gidan yari matata ta zo sau biyu, daga baya ta koma gidansu. Ban ga laifinta ba. 'Yan ɗakinmu suna hirar abin da za su ci ranar fita. Ni kuwa duk safiyar da sanyi ya tsananta sai in zauna a jikin bango ina tuno ƙofofi, wannan gida, wancan gida, ina tunanin wa ya kunna hita yanzu. A nan na tuba, na kama salla a kan lokaci.

Da aka sake ni na bi gidajen da na iya tunawa. Wasu sun saurare ni daga bayan ƙyaure. Wani ya ce in ɓace kafin ya tara mini jama'a. Wasu sun tashi, baƙi ne a ciki, suka ɗauka sabuwar damfara ce. Da yawa kuma na manta su. Yanzu dako nake yi a Katako, ban sake taɓa waya ba.

Kai matashi mai koyon sana'a, kayan gwajin da suka lalace ka fasa su da guduma a ranar. Kada ka sa bireka a akwatin da ba nasa ba. Ranar da ka ji ba ka son abokan aikinka su ga cikin jakarka, ka kai musu ita da kanka.

Kai kuma mai gida a Jos, idan ka taɓa kiran wani dogo mai aiki shi kaɗai da mita ruwan ɗorawa, ina roƙonka abu ɗaya. Ɗaga murfin akwatinka, kada ka taɓa komai. In ka ga bireka da ya bambanta da sauran a suna, ko ya karkace, ko robarsa ta yi duhu, ka kashe hita, ka kira mai gyara na kirki. Ka yi haka kafin sanyin bana.