Kawu ya zo Masar raya ƙauyenmu

Jiya Kawu Sale ya tsaya gaban madubinmu a unguwar Ainu Shams, nan Masar, yana gwada jawabi. Gwamnati ta turo shi taron tsara ci gaban 'yan asalin ƙasa, irin Kakata da za a tayar daga ƙauye saboda dam.

Ni da ko gaisuwa kunya nake ji, bakina ya suɓuce: "Kawu, wa aka gayyato daga ƙauyen?"

"Ke, rufe mana baki! Fasfo gare su?"

Ashe Umma na waya da Kaka, ta ji komai. Sai muka ji muryar Kaka ta wayar tana cewa, "Sale, ka faɗa wa 'yan taron ba inda za ni. Nan ubanka yake kwance."

Kawu dai bai sake kallon madubi ba.

Ku fa, an taɓa tambayarku kafin a raya ku?