Saura Da'ira

Ina wankin riga a bayan ɗakin kwananmu na kolej, a Damagaram, aka ce ana sallama da ni a ƙofa. Direban motar Kawu ne. Bai zauna ba, bai kuma ja gaisuwa ba. Ya ce taubashina ya rasu jiya da hantsi, sanƙarau ne, an riga an kai shi. Na ce Allah ya ji ƙansa. Na koma na ƙarasa wankin, na shanya, sannan na tafi neman izinin zuwa gida Matameye.

Taubashin nan ɗan Kawu ne, wan Inna. Ya girme ni da kaɗan. Tun da mahaifina ya rasu muka koma gidansu, ni da Inna, ƙwarya ɗaya muke ci da shi. A wajenmu ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace bawa, kuma duk abin da taubashi ya faɗa maka wasa ne. In ka yi fushi, kai za a yi wa dariya, kai kuma za a yi wa faɗa. Tun ban san ma'anar kalmar ba yake kirana bawana.

Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransawa. A lissafi ba wanda ya kama ƙafarsa. Da lokacin shiga kolej ya yi, mushen da ke koya mana ya zo har zaure yana roƙon Kawu ya bar yaron ya wuce. Kawu Alhaji ne, fataucin gyaɗa yake yi. Ya ce yaro ya iya karanta sikeli, ya iya takardun Nasara, abin da aka tura shi nema ke nan, ya isa. Ni kuwa maraya ne, ba wanda zai rasa komai in na tafi. Haka aka yi, mai kai ya zauna a shago, ni na hau mota.

Ƙarshen shekarar farko na faɗi lissafi. Darekta ya ce in an dawo hutun damina za a sake mini jarrabawa, in ban ci ba in kwashe kayana. Da Kawu ya ji bai damu ba. Ya ce ai shago na neman mai ɗinkin buhu da shara, in an koro ni sai in zauna ƙarƙashin ɗansa. Inna ce ta je ta sami taubashina ta roƙe shi ya koya mini. Ya amsa tun kafin ta rufe baki. Saurin nan bai yi mini daɗi ba.

Bayan la'asar muke zama, in na dawo gona, a zauren da ke jikin shagon. Gyaɗa ba ta zo ba tukuna, saboda haka masu awo da ƴan dako ba su da aikin yi, nan suke taruwa bisa buhunan wofi. Na ce masa mu shiga cikin gida.

"A'a, bawana, nan ya fi iska. Kuma mutane su ga abin da gwamnati ke ciyarwa da shinkafa."

Littafina yana hannunsa, ni ina riƙe da ƙaramin allon lakwal da alli. Ranar farko ya ce in haɗa rabi da sulusi. Na tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na rubuta biyu bisa biyar. Ya karɓi allon ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Baba, in na ba ka rabin ƙwaryar fura, na ƙara maka sulusi, me ka samu?"

Tsohon mai awo ya ce, "Na kusa cika ƙwarya."

"To mushen Damagaram ya ce ko rabin ma ba ka kai ba. An ƙara maka, ka ragu. Bawana, ina sauran furar? Kai ka shanye?"

Aka yi ta dariya. Ni ma na buɗe haƙora, don haka ake yi. Sai da suka gama ya durƙusa ya ja layi a ƙasa, ya raba shi shida, ya nuna mini rabi uku ne, sulusi biyu.

"Jaki, ka sa su su zama iri ɗaya tukun. Ana tara akuya da kaza a ce ƙafa nawa ba a tambayi ta wa ba?"

Na gane. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shekara guda Bature yana faɗa ban ji ba, shi ya faɗa sau ɗaya cikin zagi ya zauna.

Haka damina ta tafi. Littafin cike yake da abubuwan da ban taɓa gani ba: famfo yana cika randa, wani yana zubarwa, jirgin ƙasa ya taso daga nan, wani daga can, a ina za su haɗu. Shi ya taɓa bin Kawu Kano, ya ga jirgi, bai kuwa bar ni na manta ba.

"Kai ka ɗauka jakai biyu ne, tunda su ka sani. Ɗaya ya taso daga Kance, ɗaya daga Ɗan Barto. Na Ɗan Barto kai ne, ga nawa ga taurin kai."

In na ci, ba ya cewa na ci. Sai ya goge allon da tafin hannu ya ba ni wanda ya fi. In na faɗi, ranar har masu tallan fura sai sun ji. Wani lokaci yakan kira ni ya nuna mini basillar ɗinkin buhu, ya ce in fara sabawa, ya riga ya zaɓa mini mai kyau. Na kai ƙara wajen Inna, ta ce taubashinka ne fa. Ban sake kaiwa ba.

Akwai abin da nake gani ban faɗa wa kowa ba. In ya ba ni aiki na duƙa a kai, shi sai ya buɗe can ƙarshen littafin, inda ba a kai mu ba, ya yi shiru yana motsa baki. Da na ɗago sai ya rufe. Ranar da ya lura na gan shi, zagin ya fi na kullum.

Gero ya fara nuna, hutu ya kusa ƙarewa, babi ɗaya ya rage mana, na da'ira. Ranar kasuwa ce, zauren ya cika har da baƙi daga Dungu. Ya buɗe littafin ya sake rufewa, ya tuɓe takalmansa ya tura mini da ƙafa.

"Wannan babin mai tsada ne. Ɗauki takalman ubangidanka ka ɗora a ka, ka ce ni bawanka ne, kaina ba ya ja. Sai mu fara."

Na ce ba zan ɗauka ba.

"Ku ji shi! Ba laifinsa ba ne, gado ne. Ubansa ma har ya mutu bai san yawan damin gonarsa ba, shi ya sa ya bar mana su muna ciyarwa."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Na ajiye allon a hankali. Na ce masa, "Ni dai zan koma Damagaram. Kai kana nan kana karanta sikeli har ka tsufa, littafin ma na aro ne."

Ya ɗauki takalmansa ya sa, ya miƙo mini littafin, ya shiga shago.

Da maraice Kawu ya kira ni. Ya ce ya ji na yi fushi da taubashina a gaban baƙi, abin da ɗan mutunci ba ya yi. Na ce ya taɓa mahaifina. Kawu ya ce wasa ne. Na ce to nawa ma wasa ne. Ya dube ni ya ce nawa ba wasa ba ne, kowa ya ji. Inna ta yi kuka ta ce in je in ba shi haƙuri ko don babin da ya rage. Ban je ba. Shi ma bai aiko ba. Kwanakin da suka rage ƙwarya ɗaya muka ci gaba da ci, kowa na kallon gefensa. Na gwada da'irar ni kaɗai, na ga lamba da waƙafi da wani harafi mai ƙafa biyu, ban san daga inda suka fito ba.

Ranar jarrabawar mu kaɗan ne a ɗakin, duk waɗanda suka faɗi. Da na juya takarda na ga kashi-kashi, sai na ji muryarsa sarai, jaki, ka sa su su zama iri ɗaya tukun. Na sa su. A tambayar jirage na ji shi yana cewa na Ɗan Barto kai ne. Kowane mataki da zaginsa, ba wanda ya ɓace mini. Na so in kore shi daga kaina, amma da shi nake rubutu. Tambayar ƙarshe lambu ne zagayayye da za a yi wa shinge. Nan muryar ta yi shiru. Na bar wurin fari.

Na ci da ƙyar. Darekta ya ce in zauna. A aji na biyu an riga an wuce da'ira, ba a koma mata ba. Ban aika wa taubashina labari ba, amma ya ji. Da direba ya kawo gyaɗar farko Damagaram ya biyo ta makaranta da saƙo: wai a ce wa bawana saura da'ira, in ya zo hutu ya taho da igiya. Direban yana faɗa yana dariya. Ban sani ba ko igiyar awon da'ira ake nufi, ko ta ɗaure bawa. Na ce ya gaida Inna. Hutun da ya biyo ban je gida ba, na zauna wajen wani abokin karatu a birni.

Saƙonsa na ƙarshe ke nan. Zuwan direban na gaba shi ne wanda ya same ni ina wanki.

Na iske zauren cike da masu gaisuwa, a kan buhunan nan dai. Tsohon mai awo ya riƙe hannuna ya ce na rasa abokin wasa. Na ce haka ne. Wani ya ce marigayi ya sha faɗi a nan cewa bawansa ya ci jarrabawar Nasara. Na tambaye shi da wace irin murya ya faɗa, ya ce bai gane tambayar ba.

Bayan an yi sadakar bakwai na haɗa kayana. Kawu ya kira ni shago. Ya rame, muryarsa ba ta fita sosai. Ya nuna mini sikelin da kujerar da ke gefensa.

"Ba kowa a nan yanzu. Kai ka iya karanta wannan."

Na ce, "Kawu, ana jirana a makaranta."

"Na ciyar da kai, na ciyar da uwarka. Ban taɓa neman komai ba."

Na dubi ƙofar cikin gida ko Inna za ta fito. Ba ta fito ba. Motar ta tafi Damagaram ba da ni ba. Daga baya direba ya kawo mini akwatina.

Na daɗe a kujerar nan, har na yi furfura. Lissafin da ya koya mini shi na yi aiki da shi, kuma duk ranar da na haɗa rabi da sulusi sai na ji an ce jaki. Maganar da ya yi kan mahaifina ban yafe ba tukuna. Tawa ma bai ce ya yafe ba. Ban san ko so ya yi in ci jarrabawar ba, ko so ya yi in dawo in riƙe masa basilla. Mutanen da za su iya gaya mini duk sun tafi.

Ban kai masa igiyar ba. Babin da'ira ba mu yi shi ba, ban kuma yi shi da kowa ba.