Rigar da Umma Ta Ɗinka

Ka san sau nawa yarinya za ta sosa wuya cikin minti biyar? Sau sha bakwai, a tasha na ƙirga. Ba ta wuce shekara huɗu ba. Rigar ta matse ta, maɓalli biyu sun ƙi rufuwa. Babanta na tsugune gabanta da sabuwa a leda.

"Haba uwata, sa wannan, ta fi laushi."

Ta ƙanƙame ƙirjinta. "Umma ce ta ɗinka. In ta dawo, da ita za ta gane ni."

Ya sunkuyar da kai. Daga nan na gane Umma ba mai dawowa ba ce. Na nema masa amsa har motarmu ta cika, ban samu ba. Don Allah, kai ma gwada.